Sunan Littafi Ba Ya Kunna Fitila

A farkon kowace shekarar karatu, malamin da aka ɗora wa koyar da fizik na daskararrun abubuwa yakan rubuta sunan littafi guda a kan allo, ya ce wa ɗalibai wannan shi ne madogara. Rubutun ba ya cin minti ɗaya, kuma ba safai ake tambayar malamin dalilinsa ba. Alhali kuwa a cikin wannan minti ake yanke abin da ɗalibi zai fita da shi daga jami'a: ko ya san dalilin da ya sa farantin sola da ke kan soron gidansu yake ba da wuta, ko kuwa ya haddace alamomin lissafi, ya zube su a takardar jarrabawa, ya manta. A Damagaram, inda aka kafa jami'a a 2010, wadda take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, maganar ta wuce ɗakin malaman jami'a. Ta shafi malaman lise da ke aika yara can, ta kuma shafi ƙungiyoyin raya harshe da al'adu, domin a ƙarshe gardamar takan dawo kan harshen da za a yi karatun da shi.

Fannin da ake magana a kansa yana binciken yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin abu mai tauri, da yadda wannan jeri yake haifar da halin abin. Shi ne ke bayyana dalilin da ya sa jan ƙarfe yake ɗaukar wutar lantarki, gilashi kuwa ba ya ɗauka, da dalilin da ya sa gishiri, idan ruwansa ya ƙafe a hankali, yake fitowa ƴan dunƙule masu kusurwa daidai wa daida. Ilimi ne ɗan bana-bakwai idan aka gwada shi da lissafi. A 1900 Paul Drude ya kwatanta elektaron da ke cikin ƙarfe da iskar da ke yawo a cikin tulu. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka haska kiristal da hasken da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, jerin ƙwayoyin zarra ya bayyana. A 1928 Felix Bloch ya nuna yadda elektaron ke ratsa wannan jeri. Daga nan aka sami taransista a 1947, aka sami ƙwayar sola ta silikon a 1954, wadda take mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa wuta. Duk wayar hannu da ake sayarwa a kasuwar Dole jikanyar wannan ilimi ce.

Hanyoyin da ake bi a yi kuskure

Hanya ta farko ita ce ta bin suna. Malami ya yi karatu a Faransa ko a Aljeriya ko a Maroko, can aka nuna masa littafin Charles Kittel, sai ya dawo da shi kamar layar da ya gada. Idan aka tambaye shi dalili, amsar ita ce da shi ake karatu a manyan jami'o'in duniya. Wannan amsa tana faɗin inda littafin ya je, ba ta faɗin abin da zai yi wa yaron da ya taso daga Mirriya ko Magariya ko Tanut, wanda zai haɗu da fannin sau ɗaya tak, a cikin zangon karatu na ƴan watanni. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ɗalibi yana iya ɗauke da littafin da masana ke girmamawa shekara guda, bai taɓa warware tambaya ɗaya daga ƙarshen babi ba.

Hanya ta biyu ita ce ta kwali. An turo gudummawar littattafai daga waje, an buɗe, abin da aka tarar a ciki shi ne ya zama manhaja. Mai kyauta ya kwashe abin da ya rage a ɗakin karatunsa ne, bai san ɗaliban ba, bai san sa'o'in darasin ba, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin yana wuyan wanda ya bar kwali ya yi masa tunani. Ana iya yi wa mai kyauta godiya a jera littattafansa a kan kanta, ba tare da an miƙa masa ragamar aji ba.

Hanya ta uku ta fi sauran yaɗuwa, ta kuma fi su ɓarna: a bar littafi gaba ɗaya, a rayu a kan takardun da malami ya tattara aka buga a injin hoto. Uzurin sananne ne, kuma akwai gaskiya a cikinsa, domin kuɗin sabon littafi da na ɗauko shi daga Turai sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Sai dai takardun malami ƙashi ne ba tsoka. Suna ɗauke da sakamakon lissafi, ba sa ɗauke da doguwar hanyar da aka bi aka iso gare shi, ba su da zane mai kyau, ba su da tambayoyin gwaji masu yawa. Mafi muni, ɗalibin da bai san komai ba sai takardun malaminsa ba shi da wurin da zai gane idan malamin ya yi kuskure. Ya zama almajirin mutum ɗaya, ba shi da ikon bin diddigi, alhali bin diddigi shi ne jigon kimiyya.

Littattafan a kan sikeli

Adalci shi ne a auna kowane littafi da aikin da aka rubuta shi domin ya yi. Na Kittel ya fara fitowa a 1953, an sake gyara shi sau da yawa, kuma akwai fassararsa da Faransanci. Faɗinsa shi ne darajarsa: babu wani lungu na fannin da bai leƙa ba, ga jadawalai na adadi da mai bincike ke bukata. Amma yana buɗewa da siffofin jerin kiristal, babi na biyu kuma ya jefa mai karatu cikin wani jeri na lissafi da ido ba ya gani, tun kafin a gaya masa amfanin wahalar. Semikondakta, wato abubuwa irin su silikon da ke tsakanin masu ɗaukar wuta da masu hana ta, sai a babi na 8 ake iso musu, bayanin mahaɗar da ke sa ƙwayar sola ta yi aiki kuwa yana can gaba da nisa. Sau da yawa yakan tsallake matakan lissafi, ya bar wa mai karatu ya cike. Ga wanda ya riga ya san hanya, wannan sauri ne. Ga baƙo, rami ne.

Na Neil Ashcroft da David Mermin, malaman jami'ar Cornell a Amurka a wancan lokaci, ya fito a 1976, an fassara shi da Faransanci a 2002. Wajen bayani ya fi na Kittel haƙuri nesa ba kusa ba. Yana farawa da tunanin Drude, ya nuna inda ya ci nasara da inda ya faɗi, sannan ya gina abin da ya maye gurbinsa mataki bayan mataki. Amma babi 34 ne, sama da shafi 800, semikondakta suna babi na 28 da na 29, kuma asalinsa an rubuta shi da tsohon tsarin awo na santimita da giram, ba tsarin mita da kilogiram da ɗalibin Nijar ya saba da shi tun daga kwaleji ba. Littafin mai neman masta ne. Wanda ya ɗora shi a kan ɗan lisansi ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Na Steven Simon, malami a jami'ar Oxford ta Ingila, ya fito a 2013, bai kai shafi 300 ba, kuma an tsara shi ne tun farko domin ɗalibin da zai ga fannin karo na farko. Yana farawa da tambaya mai sauƙin fahimta, wato yawan zafin da abu mai tauri ke iya riƙewa, ya bi ta kan ƙarfe, ya gwada komai a kan jeri mai layi ɗaya kafin ya shiga mai kusurwa uku, ya iso ga semikondakta da na'urorin da ake yi da su tun ɗalibi bai gaji ba. An ɗauki darussan marubucin a bidiyo an sa a intanet kyauta. Cikasinsa ga Damagaram guda ne, kuma babba: da Ingilishi yake. Akwai kuma na Henry Mathieu da Faransanci, wanda ya keɓanta ga semikondakta da kayan lantarki, mai zurfi a wannan ɓangare, amma ba ya ɗauke nauyin fannin duka.

Ma'aunin yana kan soro

To da me za a raba gardama? Da abin da ƙasar ke bukata daga wanda ya yi wannan karatu. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce mafi yawan wutar da ƙasar ke sha. Masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun ji a jikinsu har zuwa 2024 da aka janye takunkumin. A 2018 aka buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, a 2023 ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara aiki. A ƙauyuka kuwa faranti ya hau kan rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani da rumfunan cajin waya. Ƙasar da ta kama wannan hanya tana bukatar mutanen da suka san abin da ke faruwa a cikin farantin, ban da masu ɗaura shi da kusa.

Abin da ke faruwa kuwa shi ne zuciyar darasin. Ana tace silikon daga irin ma'adinin da ke cikin yashi da cikin manyan duwatsun da suka yi wa Birni ƙawanya. Elektaron da ke cikinsa a ɗaure suke, sai sun sami wani adadi na makamashi kafin su tsallaka zuwa matakin da za su iya yawo. Wannan tazara a silikon kimanin elektaron-bolt 1.1 ce. Ana sa wa gefe ɗaya ɗan fosfo, ɗaya gefen ɗan boron, sai mahaɗar tsakaninsu ta zama kamar gangare mai tura elektaron wuri guda. Haske ya kwance su, gangaren ya kora su cikin waya. Hasken da makamashinsa bai kai tazarar ba wucewa yake yi a banza, wanda ya zarce kuwa rarar takan koma zafi. Shi ya sa tun 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa ƙwaya mai mahaɗa ɗaya tana da iyakar da ba za ta ƙetare ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauka a kanta.

Daga nan ne ake fahimtar abin da kowane mai faranti a Damagaram ya gani da idonsa, wato a tsakiyar bazara, lokacin da rana ta fi ƙuna, wutar takan ragu. Adadin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana cin kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfin, domin zafi yana rage ƙarfin turin mahaɗar. A watan Afrilu da Mayu, da iska kanta ke wuce digiri 40, jikin faranti yana iya kaiwa 65. Bambancin digiri 40 ke nan, asarar kashi 16 cikin 100, farantin da aka saya a kan wat 300 ya koma wajen 250, tun ba a lissafa ƙurar hunturu ba. Ɗalibin da ya gama darasin bai iya yin wannan lissafi da bayyana tushensa ba, an cuce shi, ko sunan wa ke bangon littafinsa.

Saboda haka hukuncin a fili yake. Madogarar ɗan lisansi ta zama gajeren littafi da za a iya gamawa a zango guda, wanda ke kai shi ga semikondakta kafin jarrabawa. A cikin waɗanda aka ambata, na Simon ne ya cika sharaɗin, na Mathieu ya dafa masa a ɓangaren na'urori. Inda Ingilishi ya gagara, a ɗauki fassarar Kittel, amma da sharaɗin malami ya fitar da taswirar tafiya a rubuce: ga babin da za a karanta, ga wanda za a tsallake, ga matakan lissafin da shi zai cike, ga makon da za a iso ga mahaɗa. Na Ashcroft da Mermin ya zauna a ɗakin karatu yana jiran masu masta.

Masu cewa an rage wa ilimi daraja

Akwai masu ƙin wannan magana, kuma ba jahilai ba ne. Suna cewa kimiyya ɗaya ce a duniya, elektaron na Damagaram ba shi da bambanci da na Paris, don haka zaɓar littafi saboda farantin sola mayar da jami'a ce makarantar koyon sana'a. Suna tsoron kada a ce ɗan Afirka ƙaramin littafi ya ishe shi, babban kuwa na wasu ne. Tsoron yana da tushe a tarihi, domin makarantar mulkin mallaka ta daɗe tana auna wa ƴan ƙasa ilimi da cokali.

Amma sun saɓa wurin ɗora tsoron. Littafin Simon an rubuta shi ne domin ɗaliban Oxford, ba domin wata ƙasa da ake tausaya wa ba, kuma wanda zai bayyana ƙwayar sola da gaske dole ya bi ta kan kimiyyar kwantam da jerin kiristal da matakan makamashi, babu wanda za a tsallake. Abin da aka canja shi ne tsarin tafiya da inda aka dosa. Wanda ya fi kowa cancantar ya yi shaida a nan ɗan ƙasa ne. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya ci jarrabawar agregasiyon ta kimiyyar fizik a Faransa a 1956, ya yi digirin dokta, ya kai matakin da duk mai son suna zai zauna a Turai a tafa masa. Sai ya juya ga rana. Ya jagoranci ofishin makamashin rana na Nijar tun daga 1969, ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa a 1991. Babu wanda ya taɓa cewa ya rage wa fizik daraja da ya tambayi abin da za ta yi wa ƙasarsa. Kafin shi da nisa, Sarki Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga bindigogin da ayarin Tarabulus ke kawowa ba. A zamaninsa maƙeran gari sun zuba igwogi, an haɗa albarushi a gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gardamar harshe

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, zaɓen littafi ya sami wani sabon nauyi. Wasu na ganin a watsar da duk abin da aka rubuta da Faransanci a rungumi Ingilishi dare ɗaya. Wasu na ganin kishin harshe shi ne a fassara babban littafi irin na Kittel da Hausa daga bango zuwa bango. Duka biyun gaggawa ce. Ɗalibin da ya yi shekara 13 yana lissafi da Faransanci ba zai wayi gari yana tunani da Ingilishi saboda an sa hannu a takarda ba. Fassarar ɗaruruwan shafuka kuwa, tun ba a daidaita kalmomi ba, za ta haifi littafin da ko mai fassarar ba zai iya koyarwa da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Damagaram ta fi kowane gari sanin yadda ake irin wannan aiki, domin a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, shekara 9 bayan Abdou Moumouni ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Darasin waɗannan makarantu shi ne yaro yakan fi riƙe abin da aka fara bayyana masa da harshen uwa, kuma hakan ba ya hana shi mallakar harshe na biyu. Abin da ya dace da jami'a a wannan mataki shi ne ɗan littafin rakiya da Hausa, mai shafuka kaɗan, wanda zai bi madogarar babi bayan babi: bayanin ma'ana ba tare da lissafi mai nauyi ba, misalai daga gishirin Manga da maƙera da farantin rijiya, da jerin kalmomi a harsuna uku. Da shi ɗalibi zai iya karanta littafin Ingilishi bai ɓace ba, da shi kuma zai iya yi wa mai gyaran sola na unguwarsu bayanin da zai amfane shi.

Wannan aiki ba na malamin fizik shi kaɗai ba ne. Shi ya san ma'ana, amma mai harshe ne ya san kalmar da za ta zauna a baki. Ƙungiyoyin marubuta da na malaman Hausa, da cibiyar INDRAP da ta daɗe tana shirya littattafan makaranta da harsunan ƙasa, suna da hannu a ciki. Wajibi ne kuma a zauna da takwarori na Maraɗi da Kano da Zariya, domin idan Damagaram ta raɗa wa tazarar makamashi suna ɗaya, Jami'ar Bayero ta raɗa wani, an raba Hausa gida biyu a fannin da bai ma tsaya da ƙafarsa ba.

Abin da ake nema daga malamai ba shi da tsada. Kowane sashe ya zauna kafin a koma karatu, ya zaɓi madogara guda, ya rubuta dalilinsa a shafi ɗaya da ɗalibi zai iya karantawa. A sayi kwafi da yawa na littafi ɗaya maimakon kwafi ɗaya na littattafai da yawa, domin aji ba ya karatu da littafin da ke kulle a ofishin shugaban sashe. A ɗauki tambayoyin jarrabawa daga irin na ƙarshen babi, ɗalibi ya san buɗe littafin yana da lada. Malaman lise kuma, idan tsofaffin ɗalibansu sun zo hutu, su tambaye su littafin da suke karantawa da babin da suka kai, su kuma sa su lissafa abin da farantin makarantar zai ba da a tsakar ranar Afrilu. Amsar da za su samu ita ce za ta nuna ko an yi zaɓen da hankali.